Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Sankarar Ɓargo Ce, ko Ciwon 'Yan Tsokokin Wuya?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Ni malamar firamare ce a nan Sakkwato, ina zaune a Mabera. Lalurar Innarmu ce ta sa na rubuto. Shekarunta 58. Tun bayan babbar sallar bara take kukan baya da ƙugu, muna ta cewa sanyi ne. Sai ƙishirwa ta zo mata da yawan fitsari, muka zaci suga ne, aka auna babu. Bayan gida kuwa sai ta kwana uku ba ta zaga ba. Wata biyu da suka wuce ta zo sauke tukunyar tuwo daga murhu, sai muka ji ihunta, ashe damtse ne ya karye.

A wani asibitin kuɗi aka yi mata hoto, aka ga ramuka a ƙashin hannun da na ƙugu. Takardar jini ta nuna kalsiyam 3.0, ma'aunin yawan jini kuma, wato PCV, 34. Likitan ya ce sankarar ɓargo ce, wai ita mayeloma, mu nemi kuɗin allurai. Ƙanwar mijina nas ce a Kaduna, ta ce akwai wani ciwon wasu 'yan tsokoki a wuya da ke kama da wannan, ta tambaye ni ko Inna ta taɓa yin tsakuwar ƙoda. Ta taɓa kuwa, shekara uku ke nan. Ta ce mu nemi wani likitan ya sake dubawa.

Yayanmu ya ce sam. Likitan maƙwabcinsa ne, sahu ɗaya suke sallah, ko kuɗin kati bai karɓa ba, zuwa wurin wani cin fuska ne. Kawu kuma mai ɗori yake so a kira. Ita Inna cewa take, "Ku bar ni hakanan, wanga ciwo na ajali ne." Likita, ta yaya ake bambance su? Kuma laifi ne mu je wurin wani?

Daga wata mai karatu, Mabera, Sakkwato.

AMSA

Wa alaikumus salam Malama. Allah Ya ba Inna lafiya, Ya sa kaffara ne, ku kuma Ya ba ku ladar jinya.

Ba zan iya gaya miki ciwon Inna daga wasiƙa ba, ban taɓa ta ba, ban ga hoton ba. Amma abin da kika lissafa, wato ramuka a hoto da kalsiyam 3.0 da PCV 34, bai isa a ce mayeloma ce ba, bai kuma isa a ce ba ita ba ce. Ƙanwar mijinki ta yi tambaya mai kyau.

Dalilin da ya sa cututtukan nan biyu ke rikita mutane shi ne dukkansu ƙashi suke ci, kamar yadda gara ke cin azara ta ciki. Kalsiyam ɗin da ke cikin ƙashi ya narke ya kwarara cikin jini. A jikin mai lafiya yakan tsaya tsakanin 2.2 da 2.6. Idan ya haura, sai ƙoda ta shiga zubar da ruwa, ga fitsari ga ƙishirwa. Hanji ya yi nauyi, ga taurin bayan gida. Jiki ya mutu, wani har mantuwa da ruɗewa. Duk abin da kika gani a jikin Inna, daga ƙishirwar har karayar, kowanne cikin ciwon biyu zai iya kawo shi. Garar ce ta bambanta.

Ita mayeloma sankara ce ta wasu ƙwayoyi da ke zaune cikin ɓargo, ana ce musu ƙwayoyin filasma. Aikinsu ƙera makaman da jiki ke yaƙar cuta da su. Sai guda ɗaya ta lalace ta yi ta haihuwa ba tsayawa, 'ya'yanta su cika ɓargo, su hana a ƙera jini, su huda ƙashi, su riƙa zubo wani furotin iri ɗaya marar amfani wanda ke toshe ƙoda. Shi ya sa idan muna zarginta abu huɗu muke dubawa: hawan kalsiyam, rauni a ƙoda, ƙarancin jini, da ramukan ƙashi.

Ɗaya ciwon kuma daga wuya yake tasowa. Kin san maƙoƙo, wanda kumburin tayirod ke kawowa. To a bayan tayirod ɗin akwai wasu 'yan tsokoki guda huɗu, kowacce ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, sunansu faratayirod. Don ƙanƙantarsu, a jikin karkanda aka fara lura da su, wata da ta mutu a gidan zu na Landan wajen 1850. Sai a 1880 wani ɗalibin likita a Suwidin, Ivar Sandström, ya bayyana su a jikin mutum. Su ne masu gadin kalsiyam. Idan ya yi ƙasa, sai su saki wani sinadari da ake rubutawa PTH, ya je ya ciro kalsiyam daga ƙashi. Idan ya daidaita, su yi shiru. Ciwon shi ne ɗaya daga cikinsu ta kumbura ta daina jin magana, ta yi ta sakin PTH dare da rana. A wajen mutum 8 cikin 10 masu wannan ciwo tsoka ɗaya ce tak ke da laifi, kuma kusan kullum ba sankara ba ce. Ya fi kama mata, musamman bayan al'ada ta ɗauke. Kada ki je ki shafa wuyan Inna ki ce ba ki ji komai ba. Da wuya a ji ta da hannu.

Yanzu ga mabuɗin. A ɗebi jini lokaci ɗaya a auna kalsiyam da PTH tare. Idan mayeloma ce ta ɗaga kalsiyam, 'yan tsokokin nan lafiyarsu ƙalau, za su ga kalsiyam ya yi yawa su yi tsit, sai a sami PTH ya faɗi ƙasa warwas. Idan kuwa su ne masu laifi, za a sami kalsiyam a sama, PTH ma a sama. A yawancin ɗakunan gwaji iyakarsa daga 15 zuwa 65 ne. Akwai tarko a nan da na sha ganin an faɗa: takarda ta fito PTH 55, a ce ai yana cikin iyaka, lafiya lau. Ba lafiya ba. Mutumin da kalsiyam ɗinsa ya kai 3.0, kamata ya yi a ga PTH ɗinsa ya kusa ɓacewa. Mai gadin da ya ga rumbu ya cika har yana zuba amma yana ta ƙara ɗurawa, ko a hankali yake yi, ai ba daidai yake ba.

A cikin wasiƙarki ban ga PTH ba. Ban kuma ga gwaje-gwajen da ke kama mayeloma ba. Akwai na tace furotin ɗin jini, a takarda za ki ga an rubuta SPEP, wanda ke nuna ko akwai furotin iri ɗaya da ya yi tsiri ya fi sauran. Akwai na fitsari, ana neman abin da ake kira furotin ɗin Bence Jones, sunan likitan Landan da ya yi bayaninsa a 1847: ya dafa fitsarin wani majinyaci ya ga ya yi gudaji, da ya tafasa gudajin ya narke, da ya huce ya dawo. Ki lura, ɗan tsinken nan da ake tsomawa cikin fitsari a ko'ina ba ya kama shi yadda ya kamata, don haka "an duba fitsari ba komai" ba hujja ba ce. Sannan uwa uba, gwajin ɓargo. Ƙa'idar da likitocin jini ke bi a duniya ita ce ba a tabbatar da mayeloma sai an ga ƙwayoyin filasma masu lalacewar sun kai kashi 10 cikin 100 na ɓargon, ko an yanko tsoka daga wurin ciwon an gan su a ciki. Hoto kaɗai ba ya raɗa wa wannan ciwo suna.

Na san da jin "ɓargo" za a ce allurar baya ce mai gurgunta mutum. Ba ta kusa da laka. A ƙashin ƙugu ta baya ake shiga, bayan an kashe wurin da allura, minti ashirin an gama, ta koma gida a ranar.

Akwai ƙananan alamu da ke karkatar da zuciyar likita tun kafin waɗannan su fito. A ciwon faratayirod sinadarin fosfet yakan yi ƙasa, wani kuma da ake rubutawa ALP ya hau idan ƙashi ya taɓu. A mayeloma ALP yawanci yana nan daidai, wani gwajin jini da ake rubutawa ESR ne ke tashi sosai, har ya haura 100. Mutum 7 cikin 10 masu mayeloma suna zuwa da ƙarancin jini. PCV 34 ɗin Inna ya ɗan yi ƙasa, amma ba can ba. Tsakuwar ƙodar shekara uku da suka wuce ita ta fi tsaya mini a rai, domin tsakuwa aikin kalsiyam ne da ya daɗe yana sama, shekara da shekaru, kuma wannan halin faratayirod ne; mayeloma ba ta cika ba mutum wannan dogon lokaci ba. Hoton ma yana magana idan aka ɗauki wurin da ya dace. A ƙoƙon kai, mayeloma takan yi ramuka masu tsaftataccen baki kamar an huda ƙwarya da ƙusa, faratayirod kuwa sai ƙashin ya yi dishi-dishi kamar an barbaɗa gishiri da barkono. Hoton tafin hannu ya fi araha kuma ya fi faɗar gaskiya: a faratayirod za a ga gefen ƙasusuwan tsakiyar yatsu, manuni da na tsakiya, ya zaizaye kamar ɓera ya gwaguya.

Shekarun baya an kawo mini wata baiwar Allah daga wani ƙauye ta wajen Wurno, ba ta kai hamsin ba, a kan tabarma aka shigo da ita. Muƙamuƙinta ya kumbura gefe ɗaya, cinya ta karye tana zaune. An gaya musu sankara ce ta bazu, mijin har ya fara kiran dangi su zo a yafi juna. Abin da ya tsayar da ni tsawonta ne. Ɗiyarta ta ce, "Likita, Inna ta fi ni tsawo da, yanzu kuwa na fi ta." Na sa aka ɗauki hoton hannunta, na ɗaga shi a jikin taga don wutar akwatin duba hoto ta ɗauke, sai ga yatsun nan a gwaguye. PTH ya fito ya ninka iyaka fiye da sau goma. Ramukan da aka kira sankara ashe irin kogon da PTH ke haƙawa ne idan ya daɗe, ya cika da tsoka mai launin ƙasa. A hoto sak sankara, amma ba ita ba ce. Likitan tiyata ya ciro mata wata tsoka kamar ƙwallon dabino daga wuya. Kwana biyu bayan aikin leɓɓanta suka fara zuƙi, yatsu suna ƙanƙamewa, saboda ƙasusuwan da suka yi shekaru da yunwa sun shiga zuƙe kalsiyam daga jini. Aka yi ta ba ta shi har ta daidaita. Bayan wata takwas da ƙafarta ta shigo, da sanda dai, ta kawo mini ƙullin ƙuli-ƙuli. A hannun wanda ya ƙware, wannan aiki yana warkar da kusan 95 cikin 100, kuma tun 1925 ake yin sa, lokacin da Felix Mandl ya fara a Biyana.

A nan Sakkwato irin wannan ba abin mamaki ba ne. A Turai da Amurka yawanci a gwajin jini na yau da kullum ake tsintar ciwon, mutum bai ma san yana da shi ba. Mu kuwa wa ke auna kalsiyam yana lafiya? Sai ƙashi ya karye ake zuwa, a lokacin da ciwon ya riga ya sa rigar sankara.

Amma Malama, kada labarin nan ya sa ki yanke hukunci. Na kuma ga wani dattijo da 'ya'yansa suka ji irin wannan labari suka riƙe shi, suka yi wata huɗu suna yawo da shi suna neman wanda zai ce musu wuya ne, yana ta shan maganin ciwon jiki daga kemis. Mayeloma ce. Da suka dawo ƙoda ta riga ta tafi. Mayeloma ba baƙuwa ba ce a cikinmu. A Amurka an ga tana kama baƙar fata ninki biyu na farare, kuma shekarun Inna ba su yi mata kaɗan ba. Wani abin da ke ƙara dagula lissafi, mutum zai iya ɗaukar duka biyun. Haka nan akwai masu ɗan wannan furotin a jini ba tare da sankara ba, kimanin 3 cikin 100 na waɗanda suka haura 50 a binciken da aka yi a Amurka. Idan irinsu ya kamu da ciwon faratayirod, sai takarda ta yi kama da mayeloma. Raunin ƙoda da ƙarancin bitamin D su ma suna ɗaga PTH. Shi ya sa ba ke za ki karanta sakamakon ki yanke ba, kuma shi ya sa nake so a yi gwajin ɓangarorin biyu, ba ɗaya ba.

To, maganar Yaya. Na fahimce shi sarai, mutumin da ya yi maka alheri ba ka so ka nuna masa kamar ka raina saninsa. Sai dai ina zargin abu ɗaya. Sau da yawa mu likitoci cewa muke "muna zargin kaza", amma da kalmar sankara ta fito, kunnen 'yan'uwa ya toshe, sauran bayanin ya bi iska. Mai yiwuwa maƙwabcin naku zato ya faɗa, yana da niyyar tura ku gaba. Don haka shi za ku fara komawa, ba zagaye shi za ku yi ba. Ku tafi ke da Yaya, ku gaisa, ku yi godiya, sannan ki ce, "Likita, don Allah wane gwaji ne ya tabbatar, ko har yanzu zato ne? An auna PTH? Muna roƙon ka rubuta mana takarda mu ga likitan jini kafin a fara allurai." Babu cin fuska a nan. Ni kaina na sha rubuta irin wannan takarda, na kuma sha karɓar ta daga abokan aiki, wani lokaci a gyara ni, wani lokaci in gyara. Likitan da ya san aikinsa daɗi yake ji a raba masa nauyin irin wannan hukunci. Wanda ya ɓata rai don an nemi a tabbatar da sankara kafin a fara maganinta, to ya ƙara muku dalilin tafiya. Ki gaya wa Yaya, kunyar maƙwabci ta kwana biyu ce, kuma ba jikinsa za a yi wa allurar ba.

Domin maganin mayeloma ba wasa ba ne. Akwai bortezomib, da thalidomide ko lenalidomide, da dexamethasone, watanni ana yi, kuɗi masu nauyi, irin waɗanda ake sayar da gona a kansu. Ga wanda ke da ciwon, sun cancanci kowace naira: ba su cika warkarwa gaba ɗaya ba, amma suna kwantar da shi mutum ya yi shekaru cikin iyalinsa, don haka ko ita ce, maganar ajali da Inna ke yi ba ta taso ba tukuna. Ga wanda ba shi da shi kuwa, an ba shi wahala a banza, dexamethasone ya ƙara cinye ƙashin, tsokar wuyan tana can tana aikinta.

Ba kowane likita na biyu ne zai amfane ku ba. Kada ku bar likitan da ke duba kowace irin cuta ku koma wurin wani irinsa a wata unguwa, ku tara ra'ayi uku ba gwaji ko ɗaya. Likitan jini kuke nema, shi ne mai mayeloma. Idan PTH ya fito a sama, sai likitan da ke duba masu suga da maƙoƙo, shi zai sa a yi sikanin wuya a nemo tsokar, ya haɗa ku da mai tiyata. Ba sai kun yi nisa ba, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da sashen jini. Idan ta kama a ƙara gaba, akwai na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. Ku tafi da komai a ambulan ɗaya: hotunan kansu ba rahoton kawai ba, duk takardun jini har na lokacin tsakuwar ƙoda idan suna nan, da ledar magungunan da take sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya. Idan za a aika jinin PTH wani gari, ki tambaya yadda za a adana shi a hanya, domin zafin garin nan yana lalata shi. Ku sa wa kanku wa'adi, mako biyu, kada ya zarce.

Kafin nan akwai abin da ke hannunki tun yau. Ki duba ledar maganin Inna. Mai ciwon ƙashi a garin nan da wuya a ce ba a ba shi ƙwayar kalsiyam a kemis ba, "don ƙashi ya yi ƙwari"; idan akwai, a ajiye ta, wuta ake ƙara wa fetur. Diclofenac da ibuprofen da danginsu su ma a ajiye, suna iya ƙarasa ƙodar da ke fama. Paracetamol ya fi aminci, idan bai isa ba likita ya rubuta wani. Kada a ba ta dexamethasone ko prednisolone kafin a ɗebi ɓargo, suna iya ɓata sakamakon. Idan tana shan maganin hawan jini mai sa fitsari, irin su hydrochlorothiazide, yana ɗaga kalsiyam; kada ki tsayar da kanki, ki nuna wa likita ya canza. Ruwa kuwa ta sha sosai, kamar leda shida ta fiya wata a yini, lita 3 ke nan, sai fa idan likita ya ce ƙodarta ko zuciyarta ba za su ɗauka ba. Idan mai azumin Litinin da Alhamis ce, ta dakata. Kawu kuma a ba shi haƙuri: ƙashin da ke da rami a ciki ba irin karayar faɗuwa daga babur ba ce, jan mai ɗori zai iya karya wani wurin.

Wa'adin mako biyun nan yana rushewa idan kika ga ɗaya daga cikin waɗannan: ta fara ruɗewa ko yawan barci, amai ba tsayawa, fitsari ya ragu sosai, ƙafafu sun yi nauyi ko sun mutu, ko fitsari da bayan gida suna kufce mata. Na farkon alamar kalsiyam ya yi tashin da ke kisa ne, wajen 3.5 zuwa sama, ana buƙatar ƙarin ruwa ta jijiya nan take. Na ƙafafun kuma alamar ƙashin baya ya danne laka ne, awoyi ake lissafawa ba kwanaki ba. Ko tsakar dare ne ku nufi sashen gaggawa, kada ku jira takardar kowa.

Idan sakamakon ya fito, ki rubuto mini lambobi uku: kalsiyam, PTH, da abin da SPEP ya nuna. Ki gaishe mini da Inna, ki ce mata likita ya ce a bar wa jikoki sauke tukunya.